Sabon injin huda ya fara gardama: a mayar, a musanya, a gyara, ko a haƙura da shi?

Ranar wata Alhamis na sayo injin huda, wanda mu masu aikin katako da alminiyom muke ce wa diril, a wani shago cikin kasuwar kayan gini a nan Kano. Sabo dal a kwalinsa, mai igiyar wuta, wat 750, bakinsa na ɗaukar ƙarfen huda har mai kaurin milimita 13, ga kuma maɓallin duka na shiga bango. Lokacin babu wuta a layinsu, yaron shagon ya ce janaretansu ba mai, ni kuma hankalina na kan wani aikin kicin da aka ba ni. Na biya, na karɓi rasit, na ɗaure kwali a bayan babur. Washegari da safe na ɗaura bit, wato ƙarfen huda, mai milimita 6 zan huda jikin kabad, sai na ga tsininsa yana zana da'ira a iska kamar maburgi a tukunyar miya. Ramin da ya fito ya fi bit ɗin faɗi, bakinsa duk ya tsattsage.

Abin da ya fara zo mini shi ne abin da ke zo wa duk mai sana'ar hannu: in ɗauko sukurudireba in buɗe cikinsa in ga me ke ciki. Da na yi haka, da na tashi daga mai haƙƙi na koma mai roƙon alfarma. Duk sauran abin da zan faɗa a nan a kan wannan ya rataya. Hanyoyi huɗu ne a gaban wanda sabon injinsa ya ba shi shakka: ya mayar a ba shi kuɗinsa, ya mayar a canza masa wani, a gyara masa, ko ya riƙe a yi masa ragi. Uku daga ciki suna rufewa ne a daidai lokacin da ka kwance sukuru na farko, ko ka ci gaba da aiki da shi kwana da kwanaki bayan ka ga aibin.

Da farko dai, da gaske ya lalace?

Masu shago ba su yi ƙarya ba da suke cewa da yawan injinan da ake dawo musu da su lafiyarsu ƙalau. Kafin ka hau babur da fushi, ka ba injin minti talatin a kan teburi.

Tartsatsi ne ya fi tsorata mutane. Injin mai igiya, da wasu masu batir na tsaka-tsakin kuɗi, suna da ƙananan gawayi biyu a ciki, waɗanda masu gyara ke ce wa kabon, suna gogar wani zoben tagulla yayin da cikin injin ke juyawa. Dole a ga ɗan tartsatsi shuɗi-shuɗi ta ramukan iska, musamman a sabo wanda kabon ɗinsa bai gama zama ba, ko lokacin da ka saki kunamar mai batir, wato maɓallin da yatsa ke dannawa, birkinsa ya kama. Ɗan warin sabon abu a mintunan farko ma ba komai ba ne. Wanda ake gudu shi ne tartsatsi mai yawa da ke zagaye zoben gaba ɗaya kamar wutar walda, tare da ƙara mai karkarwa, da ƙaurin ƙonewar koyil wanda in ka taɓa jinsa sau ɗaya ba ka mantawa. In kuma an rubuta brushless a jikin injin amma kana hango tartsatsi a ciki, to ba lalacewa ka gano ba, ƙarya ka kama, domin irin wannan ba shi da kabon sam.

Mai batir yana da nasa abubuwan da ke kama da ciwo alhali ba ciwo ba ne. Maɓallin gaba da baya in ya tsaya a tsakiya, kunama ba ta dannuwa. Kulle ne aka yi da gangan. Zoben nan mai lambobi a bayan baki, in yana kan ƙaramar lamba, injin zai riƙa yin ƙas-ƙas-ƙas ya ƙi juya bit da zarar ya ji nauyi. Na ɗaura sukuru ne, juya shi zuwa hoton bit ka ga aiki. Giyar sama mai 1 da 2 in ba ta shige sosai ba sai ka ji kamar ana niƙa tsakuwa. Siririn kukan da yake yi in ka danna kunama kaɗan, na'urar rage gudu ce. Batir kuwa ba a cike yake zuwa daga kamfani ba, kuma caja mai kyau tana ƙin cajin batirin da ya yi zafi. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Kano ke haura digiri 40, batirin da ya wuni a cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin kwano sai an bar shi ya huce a inuwa kafin caja ta kula shi.

Sai wutar da muke ba injin. Wutar gida a Najeriya volt 230 ce a takarda, amma kowa ya san yadda take zuwa unguwa da yamma. Injin da aka ba rabin abincinsa zai yi ta nishi, ya yi zafi, ya kasa huda bulo. Haka in ka jona shi a ƙaramin janaretan nan mai shan fetur gauraye da baƙin mai, wanda ƙarfinsa bai kai kilowat ɗaya ba, ko ka ja masa wuta daga nesa da siririyar waya ta kwan fitila. Gwada shi a wani wurin da wuta ke da ƙarfi kafin ka ɗora masa laifi. Ka kuma duba lambar da ke jikinsa: in ka ga 110 ko 120, na kasuwar Amurka ne, ko na wuraren gini a Ingila masu fulogi ruwan ɗorawa. Irin wannan in ka jona shi kai tsaye a wutarmu, zai yi gudu na hauka ya ƙone, kuma ba mai shagon da zai yarda cewa da ciwonsa ya zo.

Rawar baki, wadda ita ce ta same ni, tana buƙatar haƙuri domin masu laifi uku ne ake zargi: bit, bakin da ke riƙe shi, da sandar da bakin ke kai. Na cire bit ɗin na mirgina shi a kan gilashin taga da na kwantar. Ya tafi sumul, ba tsalle. Na mayar da shi, na tabbatar ya zauna a tsakiyar haƙoran nan uku, na ɗaure da makulli a ramuka ukun duka, ba ɗaya ba kamar yadda yawancinmu muke yi in muna sauri. Na cire fulogi, na danne injin a kan teburi, na kawo alli dab da jikin bit ɗin, na riƙa juya bakin da hannu a hankali. Alli ya taɓa gefe guda kawai. Na sassauta, na juya bit ɗin rabin zagaye a cikin bakin, na sake ɗaurewa na sake gwadawa. Da alamar allin ta bi bit ɗin, da shi ne a karkace. Ba ta bi shi ba, ta tsaya a gefen bakin da take tun farko. Na sake da wani bit mai milimita 10, labarin bai canza ba. A nan na san ba idona ba ne.

Wata ajiya a gefe: injin da ke da maɓallin duka, bakinsa kan ɗan shiga ya fito in ka tura shi da hannu, haka aka yi shi. Babban na fasa kankare kuma, mai bakin SDS, bit ɗinsa a sake yake zama, yana ɗan rawa in yana juyawa a iska, sai ya dafa bango ya daidaita. Kada ka kai ƙarar waɗannan.

Akwai kuma abin da ba a tsayawa dogon gwaji a kansa. In jikin injin ya ja ka ko sau ɗaya, ko ya yi hayaƙi, ko kunama ta maƙale ya ƙi tsayawa bayan ka saki, ko batir ya kumbura ko ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa a kan caja, cire shi daga wuta ka mayar kwali. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Batirin da ya kumbura kuma kada ya kwana a ɗakin da mutane ke barci.

Kuɗi ko musanya

A nan yawancin rigima take, kuma a nan mutane suka fi yin zaɓin da zuciya ta ba su maimakon wanda zai fisshe su.

Karɓar kuɗi shi ne mafi tsafta a ido: ka ba su kayansu, su ba ka naka, kowa ya kama gabansa. Amma a kasuwanninmu shi ne mafi wuyar samu. Kuɗin da ya shiga hannun ɗan kasuwa ba ya kwana a aljihu, ya riga ya tafi wajen sarin wani kayan. In kuma wani ɗan kayi-nayi ne ya tare ka a bakin layi ya kai ka shagon, ko ya ce ka jira ya ɗauko maka daga sito, to an riga an cire masa la'adarsa, mai shago ba zai so ya biya ka abin da bai shiga hannunsa ba. Sai a fara yi maka "dawo gobe", "maigida ya yi tafiya", "za a tura maka ta waya". Mako biyu kana sintiri, aikin da ka sayi injin dominsa yana jiranka, kuma yadda farashi ke motsi a 'yan shekarun nan, kuɗin da aka mayar maka ba lalle ya sake sayen irin injin ba.

Musanya kuwa mai shago ya fi sakin fuska da ita, domin ciniki bai warware ba. Shi zai mayar wa dilan da ya ba shi, a rage masa a lissafi na gaba. Kai kuma a ranar za ka koma bakin aikinka. In ciwon na injin guda ne, wato tsautsayi ya faɗa kan wanda aka miƙo maka, kamar makunni da ya mutu, ko caja da ba ta kawo wuta, ko baki da aka ɗaura a karkace, musanya ta fi kuɗi nesa ba kusa ba. Ni a nan nake tsayawa sau tara cikin goma.

Inda musanya ke zama asara shi ne in ciwon na dangi ne. Kwali guda, kamfani guda, hannu guda ya haɗa su. In aka canza maka, an ba ka ƙanin wanda ka dawo da shi ne. Alamarsa ita ce na biyu ya nuna halin na farko a gabanka. Mafi muni kuma shi ne ka gane jabu aka sayar maka da sunan na asali. Sunayen da aka fi sani, irin su Makita da Bosch da DeWalt, su aka fi kwaikwaya, har kala da tambari. Ka duba ko lambar da ke jikin injin ta yi daidai da ta kwali, ko rubutun ya fita tsaf ko ya yi dishi-dishi, ko takardar bayani tana da kurakuran rubutu, ko nauyinsa a hannu ya yi daidai da girmansa. Batir ma yana tona asiri. Wanda aka rubuta wa volt 18 da wanda aka rubuta wa 20 abu ɗaya ne: ƙwayoyi biyar ne a jere, kowace volt 3.6, wani kamfani ya ƙirga su a yadda suke aiki, wani a lokacin da suka sauko daga caja. Amma ɗan batirin da bai fi tafin hannu ba a rubuta masa 48 ko 88, wannan lambar ado ce, ƙwayoyin ciki ba su ƙaru ba. In haka ta bayyana, kada ka karɓi musanya da irinsa ko an haɗa maka da kyautar bit. Kuɗinka za ka nema, ko ka yi ciko a ba ka wani samfurin daban wanda ka gwada da hannunka.

Sai dai a yi adalci. Wanda ya ga injin da aka rubuta wa babban suna ana sayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, ya saya yana murna, ba zai zo yana rantsuwa an cuce shi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Rigimar jabu tana da ƙarfi ne in an ce maka na asali ne, ka kuma biya kuɗin na asali.

Cikon nan da na ambata hanya ce da ba a cika lissafawa ba, alhali sau da yawa ita ce ke raba gardama. Mai shago bai fitar da kuɗi ba, ya ma ƙara ciniki. Kai kuma ka rabu da samfurin da ba ka yarda da shi ba. Abin lura kawai, a lissafa maka na farkon a cikakken kuɗin da ka biya, kuma farashin na biyun ka riga ka ji shi a wasu shaguna kafin ka shigo, don kada a mayar da ragin ta bayan gida.

Gyara

Gyara iri biyu ne, kuma ba abin da ya haɗa su sai suna. Akwai na garanti, wanda wakilin kamfani zai yi da kayan kamfani ba ka biya ko sisi ba. Akwai na mai gyaran bakin kasuwa, wanda zai buɗe a gabanka ya gama kafin ka shanye shayi.

Na garanti yana da kyau ga injin mai tsada da ka saya wajen dila na gaskiya, musamman in ciwon ya fito bayan an wuce lokacin da shago zai karɓa. Sharuɗɗansa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: rasit mai kwanan wata, ba a buɗe injin a wani wuri ba, ba faɗuwa ya yi ko ya sha ruwa ba, kuma abubuwan da ke cinyewa da aiki, kamar kabon, ba sa ciki. Matsalarsa lokaci ne. In wurin gyaran ba a garinku yake ba, sai an aika, sai an duba, sai an jira kayan gyara. Mai injin biyu zai iya jira. Wanda injin nan ne kaɗai abincinsa, ya lissafa kwanakin da zai yi yana aron na maƙwabci. Kuma ni dai ban ga dalilin da zai sa in karɓi gyara a kan injin da bai yi kwana uku a hannuna ba. Kuɗin sabo na biya, ba na gyararre ba.

Masu gyaran bakin kasuwa ban raina su ba, sun sha fitar da ni kunya a kan tsofaffin injina. Canza kabon, canza makunni, canza boris, sake naɗa koyil, duk suna yi, wasunsu ma gwanaye ne. Amma sabon inji ba nasu ba ne tukuna. Da zarar an buɗe, kan sukuru ya nuna, takardar da aka liƙe a mahaɗar jikinsa ta yage, mai shago ya samu abin faɗa: "Ai kun taɓa shi." In aka yi rashin sa'a mai gyaran ya cire kayan asali ya sa na kasuwa, ko ya naɗa koyil da wayar da ba ta kai ba, an yi gyaran gangar Abzinawa. Wuri ɗaya na yarda da wannan hanyar a kan sabo: in mai shagon ne da kansa ya kira mai gyaransa, a gabanka, da sharaɗin in bai yi ba za a canza maka.

Riƙewa a yi maka ragi ba ta da dogon bayani. Ta dace da aibin da ba ya hana aiki kuma ba ya girma: akwatin roba da ya tsage, fitilar gaba da ba ta kamawa, makullin baki da ya ɓata. Rawar baki tana kan iyaka. In bakin ne kaɗai, abu ne da ake kwancewa a sa wani, ba shi da tsada. Akwai sukuru a can cikinsa wanda ake kwance shi ta hannun da ake ɗaure sauran, shi ya sa wanda bai sani ba yake ta ƙara tamke shi. In kuwa sandar ce a lanƙwashe, ko baki goma ka canza rawar na nan, kuma za ta ci boris a hankali. Tunda ba za ka san wanne ne ba sai an cire bakin, kada ka karɓi ragi a kan zato. Abin da ya shafi wuta, hayaƙi ko batir kuwa ba a cinikin ragi a kansa ko nawa ne.

Inda ka saya, da abin da ke bayanka

Duk wannan lissafin yana sauyawa da inda kayan ya fito. Shagon kasuwa ba shi da rubutacciyar ƙa'ida, mutunci da sabo da saurin dawowarka su ne ƙa'idar. Kwana ɗaya ko biyu magana ce mai sauƙi, mako biyu kuwa sai an kai ruwa rana. Babban kanti ko dila yana da ƙa'ida a rubuce, ba ya duba fuskarka, takarda yake dubawa. Manyan shagunan intanet suna ba da 'yan kwanaki, sau da yawa kamar mako guda daga ranar da kaya ya iso, suna kuma son kwali da duk abin da ya zo a ciki. Ka duba ko kuɗin asusunka na banki zai dawo ko a ma'ajiyarsu za su ajiye maka sai ka sake sayayya. Wanda ya fi haɗari shi ne mai talla a Facebook ko WhatsApp da zai sa maka kaya a mota daga wani gari. Cinikin biri a sama ke nan. In ka yi shi, ka ɗauki bidiyo tun daga yanka ledar har kunnawar farko ba tare da yankewa ba, ka kuma sani ko ya yarda ya karɓa, rigima ta gaba ita ce wa zai biya kuɗin mota.

Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawo da shi, bai kai ƙarfin da ake ba shi ba. Dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibi ko yake da haɗari cikin wata uku da karɓarsa, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ana kai wa hukumar ƙorafi, jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Dokar ba ta rufe wanda ya lalata kaya da hannunsa ba, shi ya sa maganar buɗe injin take da nauyi.

Kafin dokar ma, malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da bai sani ba lokacin ciniki, yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma in ya ga aibin ya ci gaba da amfani da kayan, ana ɗaukar hakan yarda ce. In kuma wani sabon aibin ya faru a hannunsa, lissafi ya canza, sai an duba na da da na yanzu. Ɗan kasuwar da zai ɗaga kafaɗa in ka ambaci hukuma, sau da yawa yakan yi shiru in aka tuna masa wannan a hankali, ba a gaban jama'a ba.

A aikace dai, ba wanda zai fara da hukuma a kan injin huda guda. Matakin farko maigidan shago ne da kansa, ba yaronsa ba, domin yaro ba shi da ikon cewa e, a'a kawai aka bar masa. In abin ya ƙi, akwai shugabannin layi da ƙungiyar 'yan kasuwa, waɗanda ba sa son a ce layinsu ana cutar baƙi, kuma sukan gama magana a zama ɗaya. Hukuma ta dace da inda kuɗin ke da yawa, ko jabu ne ƙarara, ko abin zai iya kashe wani.

Ni ranar Juma'ar nan ban ƙara rami na uku ba. Na goge ƙurar katako, na naɗe igiya yadda ta zo, na haɗa makulli da mariƙin gefe da takarda a kwali, na sa bit ɗina biyu da guntun alli a aljihu. Bayan an sauko daga masallaci na isa shagon, na yi sa'a maigidan na nan.

"Alhaji, barka da kasuwa. Kayan jiya ne na dawo da shi, bakinsa na rawa."

"Malam, ka yi aiki da shi?"

"Rami biyu, a katako."

Bai ce komai ba. Ya juya injin ya duba kan sukurorin ɗaya bayan ɗaya, ya kai hancinsa wajen ramukan iska ya shinshina, ya duba igiya tun daga fulogi. Sannan ya ce, "Wataƙila bit ɗinka ne." Na ce ya kawo nasa. Yaro ya ɓare sabo daga leda, na ɗaura, na kawo alli, na juya a hankali a kan kantarsa. Alli ya zana gefe guda. Ya karɓa ya gwada da kansa, ya ce wa yaron ya ɗauko wani daga sama.

Wannan karon na ce sai an tayar da janareta, in mai ne babu ni zan saya lita ɗaya. Alhaji ya yi dariya ya ce ba za a kai ga haka ba, aka ja waya daga shagon maƙwabci. Na biyun ya tashi lafiya, ƙararsa daidai, gaba da baya duk suna yi. Da na kawo alli, shi ma ya zana gefe guda, bai kai na farko ba amma yana nan. Muka dubi juna.

"Akwai na uku," in ji shi.

"Alhaji, uwarsu ɗaya. Nuna mini wancan na kusa da shi, nawa zan cika?"

Ya faɗi kuɗi, na faɗi abin da na ji a layin baya kafin in shigo, muka haɗu a tsakiya. Na gwada wancan ɗin da alli da bit biyu, na sa aka kawo guntun bulo na huda a yanayin duka, na riƙe shi minti biyu yana gudu ina jin ɗumin jikinsa a tafin hannuna. Sannan na roƙi a rubuta sabon rasit da kwanan watan ranar, a sa lambar da ke jikin injin a kai, Alhaji ya sa hannu da kansa. Yaron yana rubutawa yana ƙunƙuni wai bai taɓa ganin mai saye da alli a aljihu ba. Injina biyun da suka yi rawa kuwa, na ga Alhaji ya sa an ware su a ƙarƙashin kanta, ya ɗauko waya yana neman lambar dilansa.